Odessa Pruitt, Wadda Ta Gasa Muryar Lauya

Kullum kafin a buɗe ɗakin karatun garinmu, Odessa Pruitt ta riga ta sauka ɗakin ƙasa inda ake adana tsofaffin takardu. Takan ajiye shayinta a bakin ƙofa, ta wanke hannu, ta soke fensir a gashinta. Biro kuwa, ko gwamna ne ya zo da shi, a aljihu zai bar abinsa. Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya, shi ya sa na ce bari in faɗi alherinta tun tana ji da kunnenta.

Aikin da ya fi cin shekarunta shi ne akwatunan marigayi Lauya Harlan Tesch, mutumin da a zamaninsa ba a tsayar da ɗan takara a jiharmu sai an bi ta ofishinsa. Jawabansa ne a ciki, da manyan littattafan da matarsa ta riƙa manna masa yankan jaridu. Bawan Allah nan bai taɓa ganin hotonsa a jarida ya ƙyale ba. Odessa ta bi su shafi-shafi, tana sa farar takarda a tsakani don kada tsufa ya cinye su.

Bara sai ga Lorene, 'yar lauyan, ta tsufa, idonta ya kusa tafiya.

"Odessa, karatu ya fi ƙarfina yanzu," in ji ta. "Muryarsa nake so in ji. Na fara manta yadda take."

Kaset ɗaya tak na jawabinsa ya rage, shi ma danshi ya sa zarensa ya manne. In aka kunna shi haka, zai ɗaye, muryar ta tafi har abada. Dabarar masu sana'ar ita ce a gasa shi da ɗan ɗumi, amma zafi na yin yawa ya narke. Odessa ta je gida ta ɗauko na'urar da mijinta Wendell yake busar da naman barewa.

"Yanzu kuma lauya za mu ci?" in ji Wendell, da ya ji abin da za ta gasa.

"Kai dai kada ka taɓa min komai, tsoho."

Wendell ya shaida mana cewa wuni ta yi a gaban na'urar, ko abincin rana ba ta waiwaya ba. Tsoro take ji, ta faɗa da bakinta.

Ranar saurare muna zaune muna jira, Lorene ba ta iso da wuri ba. Da ta zauna, Odessa ta kunna. Aka ji tari, sannan wata kakkaurar murya ta ce, "Jama'a, ku ɗan yi haƙuri, ga 'yata Lorene can tana shigowa. A makare, kamar kullum." Taron cikin kaset ya kwashe da dariya, mu ma muka kwashe. Lorene ta dafe ƙirji, hawaye na zuba.

"Ga ni nan, Baba," ta ce. "Na iso."

Odessa, mai haƙurin hannu, ke ce kika zauna cikin sanyin ɗakin ƙasa kina tattalin sunan wani, naki sunan ko a gefen akwati bai fito ba. Mun gode, Allah ya sa ki huta lafiya. Masu tasowa, ku sauka ku koyi aiki a wurinta kafin wata ya ƙare. Lorene dai duk Laraba tana zuwa a kunna mata muryar, kuma har yanzu ba ta taɓa zuwa a kan lokaci ba.