Kawu Dogo da jan ƙyallensa

Kafin mu buɗe shaguna, Kawu Dogo ya riga ya zaga lungunan kasuwa yana ture bulo da kwali daga hanya. Sannan ya zauna bisa kifaffen baronsa ya jira sauran 'yan dako. Ni ƙwai nake sayarwa, saboda haka duk baron da ya yi karo, a ƙirjina nake jin sa.

Da can kowa gajeriyar hanya yake so. Sai duk su afka lungu ɗaya, mai shiga da mai fita, su cije, a yi ta zage-zage, kaya na dahuwa a rana. Muka roƙi Kawu ya zama shugabansu, ya riƙa raba musu hanya. Ya ƙi.

"'Yata, idona biyu ne, lungunan nan kuwa sun fi yatsuna yawa," in ji shi. "In na zaga bayi fa, sai kasuwa ta tsaya?"

Sai ya yayyaga jan zanen matarsa, wanda har yau take mita a kai, ya ba kowa ƙyalle. Wanda ya tarar da lungu a cushe ya rataya ƙyallen a bakin lungun, na baya su sauya hanya. Wanda ya ga ya sarara ya cire. Da farko ratayawa suka iya, cirewa kuwa sai mantuwa, har lungu lafiyayye ya wuni ba kowa. Kawu bai yi faɗa ba, bin su ya yi ɗaya bayan ɗaya har abin ya zauna musu.

Bana gwiwa ta ci ƙarfinsa, 'yarsa ta ce dakon ya isa haka. Da muka je duba shi asibiti, tsoronsa ɗaya ne, kada cunkoso ya dawo a bayansa.

Ranar da ya leƙo kasuwa da sanda, ya doshi wani lungu da aka rataya wa jan ƙyalle, sai wani sabon ɗan dako da bai san shi ba ya tare shi.

"Baba, bi ta can. Haka muke yi a nan, in ba ka sani ba."

Kawu ya ce, "To, na gode," ya juya yana dariya har da hawaye. Ni ma sai da na share nawa.

Kai ne Dogo mai buɗe hanya, wanda aka miƙa wa shugabanci ya ce a raba wa kowa. Mun gode, Allah ya ba gwiwa lafiya. Ku kuma masu riƙe da wani aiki, ku koya wa mutane shi, har ranar da za su nuna muku yadda ake yi.