Rafal a Tsakar Gidan Yayata

Da can ɗaukar hoto tsayuwa ce. Mai hoto na kasuwar Madawa zai jingina ka da labule, ya gyara maka wuyan riga, ya ce kada ka numfasa. Kai ke zaɓen fuskar da za ka ba shi, ita ce kuma zai mayar maka ran kasuwa ta gaba. Lokacin da nake tuƙin manyan motoci na yi irin wannan tsayuwa a Abijan, na yi a Kano da Tamanrasat, ko'ina haka take. Aparai ɗin ɗaukar hoto da na sayo a Lome kuwa, baƙi mai dogon hanci, ba ya jiran kowa. Ka ɗan taɓa buton, wato maɓallin, gilashin ya yi gaba ya yi baya da kansa har ya kama ido. Ka danne ka riƙe, ya shiga ɗauka tar-tar-tar ba tsayawa. Da Faransanci ana ce wa wannan rafal, kalmar da soji ke faɗa in bindiga ta yi ɓarin harsashi. Sunan bai kwanta mini ba, amma na laluba Hausa da Larabci ban sami wani ba.

Da aparai ɗin na je Ibohaman bayan girbi, ranar da ɗan farin yayata zai koma bida, wato neman kuɗi, Libiya. Magidanci ne, har gemunsa ya fara furfura. A zaure ya tare ni.

"Kawu, hoto guda nika so, ni da tsohuwa. Can in anka tambaye ni uwata, ba ni da abin gwadawa."

Roƙo ne mai wuya. A wajenmu mace ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta kallonsa gaban mutane. Tun da aka yaye ɗan yayata kakarsa ta ɗauke shi. A tashar Abijan na sha ganin uwa ta rungume ƙaton ɗanta tana kuka, kowa na wucewa abinsa. Yayata "wancan" take ce masa.

Na same ta a tsakar gida tana ƙulla masa yaji da gabu a tsumma.

"Yaya, taso ki tsaya kusa da shi."

"Alhaji, yawon duniya ya ɓata ka. Ɗauki rumbu, ya hi ni kyau."

Na yi ta magiya. Can ta tashi ta tsaya, amma nesa da shi, fuska ga bango. Na ɗora ido a aparai. Gilashin ya faɗa ta ratar da ke tsakaninsu ya kama rumbu tas, su biyun suka zama hazo. Na karkata wajensa, ita ta ɓace. Na karkata wajenta, sai ƙeyar kallabi. Na ja baya, na durƙusa, na miƙe, gwiwa na ƙara. A ƙofar gida direban motar zuwa Tawa ya soma matsa oda. Zufa ta cika mini ido.

"Bar shi, Kawu," in ji shi. Ya sunkuya zai saɓa jakarsa.

Yatsana na kan buton, ban ɗaga ba. Aparai ya ɓarke da rafal, gilashin kuma ya bi abin da ya motsa. Ita ce ta motsa.

Da na duba ekran, allon da ke bayan aparai, sai na ga abin da idona bai gani ba. A hoton farko tana kallon ƙasa. A na gaba kai ya ɗago. Sai ga idanunta biyu a kan bayansa, baki ya ɗan buɗe, hannu ya taso kamar za ta tallafa masa jakar. Shi ma ya fito, gefen fuskarsa. A na ƙarshe ta koma ga bango.

Ya fita kai kaya mota. Ta matso.

"Mi ya kama, wanga mai surutu?"

Na nuna mata. Ta daɗe tana kallo, ba ta taɓa shi ba.

"Goge shi."

"Yaya, shi kaɗai ne kunka hito tare."

Oda ta sake tashi. Ta juya ta ɗauki ƙullin yajin ta danƙa mini.

"Kai mishi. In ba ka gogewa, kada wancan shi gani sai ya wuce Agadas."

Haka na yi. Na riƙe hoton ina ta juyi da shi, ina tambayar direbobi labarin hanya, sai da na ji sun wuce na tura masa ta waya. Ya kira, ya ce "Kawu", layi ya yanke. Ƙanensa ya gaya mini hoton ne a fuskar wayarsa har yau.

Yayata ba ta taɓa tada maganar ba. Muna gaisawa, tana tsokanata yadda ta saba. Amma tun ranar, in na yi sallama da aparai rataye a wuya, sai ta ja mayafi ta shige ɗaki, ba ta fitowa sai na kai shi zaure na ajiye.