Shekarar da Malam Modu Ya Jira Kogi Ya Ƙafe

Wata safiyar Laraba a farkon shekarar 2015, ina tsugune a tsakar gidanmu a Diffa ina tsince ruɓaɓɓun tattasai daga kan tabarma, sai Baba ya yi sallama da wani dogon mutum a bayansa, takalmi a ƙafa ɗaya, ɗayar naɗe da tsumma. Ya ce wa Inna a share ɗakin ajiya, an yi baƙo daga ƙetaren kogi. Ɗakin nan buhunan tattasai suka saba kwana a ciki, yaji ya kama bangonsa, don haka baƙon yana sa kai ya soma atishawa ba ƙaƙƙautawa. Ni da ƙanena Abba muka laɓe bayan rumbu muna dariya har da riƙe ciki. Shekaruna goma sha ɗaya, ban san abin da mutumin ya baro ba. Ranar da masu bindiga suka shiga garinsu yana makaranta, matarsa Yagana da jaririyarsu Fanna suna gida, kowa ya gudu ta inda ƙafa ta kai shi, kuma tun ranar bai sake jin ɗuriyarsu ba.

Sunansa Malam Modu, malamin Ingilishi ne a can. Lokacin lakwal ɗinmu, wato makarantar boko, yau a buɗe gobe a rufe, shi kuwa ya ce ba zai ci tuwon mutane yana zaune ba, sai ya riƙa tara mu a zaure bayan la'asar, mu da yaran maƙwabta. A lakwal mushe, wato malaminmu, shi ke rubuta Faransanci a allo mu bi shi da haddacewa. Malam Modu ba ya fassara, ba ya son hadda. Sai ya ɗauko kalmomin aiki biyu masu kama da juna ya sa mu aikata su da jikinmu. "Tagwaye ne," in ji shi, "baƙo ke ruɗewa, uwarsu ta san kowanne." Ranar "bring" da "take", butar Baba ta sha wahala: a kawo ta wurinsa, a kai ta bakin ƙofa, a kawo, a kai, har Abba ya yi tuntuɓe ya sheƙa wa Malam ruwa a wando. Ni kuwa bakina ba ya mutuwa. Kullum sai na tambayi abin da ya hana Turawa su yi wa kansu sauƙi su riƙe kalma ɗaya, har ya raɗa mini Zainabu Mai-gardama, sunan da ya bi ni har yau.

Wata yamma muna kan "hear" da "listen", na kafe cewa duk ji ne, sai ƙarar bindiga ta tashi daga wajen gadar da sojoji suka rufe. Malam bai ce mu gudu ba, ya dai nuna kunnena ya faɗi ta farko a hankali. Sannan ya nuna Baba, wanda ya tsaya a bakin ƙofa ya karkata kai yana son gane ko ta sojoji ce ko ta masu bindigar nan, ya faɗi ta biyu. Ɗaya tana faɗo maka ko ba ka so, ɗaya kai ke miƙa mata kunne. Ban sake gardama a kansu ba, kuma har yanzu in na ji ɗaya daga cikinsu sai na tuna yammar nan.

Kafin fitinar nan, mu yaran bakin kogin Komadugu bazara muke ɗoki. Ruwa ya janye, mu kama tarwaɗa da hannu a ƙananan tafkuna, mata su taka yashi su je biki ƙetare su dawo kafin magariba. Fitina ta juya komai. Aka hana hawa moto, wato babur, aka hana cinikin tattasai, takin zamani da man injin ban ruwa suka yi wuyar samu, gonar Baba ta koma rabi. Ƙafewar kogi ta zama abin tsoro, domin in yaro zai iya takawa ya haye, mai bindiga ma zai iya. Duk gari addu'a ake ruwa ya daɗe, sai mutum ɗaya da ke kwana a ɗakin ajiyarmu. Ya je sansanin 'yan gudun hijira na Sayam ya bi rumfa-rumfa yana tambaya bai samu kowa ba, sai ya ƙudurta a ransa cewa iyalinsa suna can ƙetare, ruwa ne kaɗai ya raba su.

Idan Inna ta aike ni kai wa Baba abinci gona, Malam yakan raka ni, wai hanya ba ta da kyau ga yarinya. Na sani sarai kogi yake zuwa dubawa. Yakan kafa kara a gefen ruwa, washegari ya ga inda ya koma. A nan ya koya mini uku a jere. "Look", in ji shi, ka juya kanka ka duba. "Watch", ka zuba ido ka daɗe. "See" kuwa, wato gani, ba aikinka ba ne, Allah ke ba ka. Na ce to shi wacce yake yi kullum a nan? Ya yi ɗan murmushi ya ce, "Mai-gardama, tuwon Babanki zai huce."

Bazarar farko Baba ya riƙe shi da lallashi. Ta biyu ya kasa. Ranar da zai tafi Baba ya ce, "Malam, ka yi wa Allah ka bari mu ƙara tambaya." Ya ce, "Yaya, na yi tambaya har na gaji. Gani ya kori ji." Inna ta ɗaure masa busasshen kifi da dabino a tsumma tana share ido da gefen mayafi. Ya sa takalman Baba, ya ce mu ci gaba da bita, zai dawo kafin ruwa ya zo. Na bi shi har ƙarshen gonarmu, na ga ya taka yashin nan fari ya shiga cikin itatuwan ƙetare.

Ruwa ya zo da damina, jawur, ya cika kogi baki da baki. Gari ya yi ajiyar zuciya, tsofaffi suna hamdala, ni kuwa na tsani ruwan nan kamar mutum. Ba a jima ba wata siririyar mata ta yi sallama a gidanmu da yarinya goye, tana tambayar gidan mai tattasai inda wani malami ya sauka. Yagana ce. Ashe tun farkon gudu ta haye da wani ayari ta wajen Boso, ta zauna a Yebi. Da aka watsa mutanen Yebi ta taka zuwa Tumur, daga can aka kwashe su zuwa Sayam, inda wani ɗan garinsu ya ba ta labarin mijinta. Duk kwanakin da ya yi yana kallon ƙetare, suna nan gefenmu na kogin. Inna ta ɗauki tsintsiya ta share ɗakin ajiya. Yagana tana shiga ta soma atishawa, ba wanda ya yi dariya.

Yau tattasai ya koma kasuwa, yara sun soma leƙa bakin kogi duk da iyaye suna hanawa. Ni ce ke tara yaran unguwa a zauren nan bayan la'asar, da wata buta sabuwa, kuma Fanna ce mai gardamar ajin. Kowace bazara in ruwa ya soma janyewa, uwarta takan yafa mayafi ta nufi ƙarshen gonarmu, wani lokaci in raka ta. Mukan duba, mukan zuba ido har rana ta sunkuya. Ta ukun ce har yau Allah bai ba mu ba.