Igwar Kakanmu

Jiya aka fasa dutse da nakiya a hanyar Abuja, ƙasa ta girgiza, sai na ji na hangame baki. Marigayi kakanmu ne ya koya mana. Da an yi tsawa yakan ce, "Ku buɗe baki, kada kunne ya fashe!" Igwa ya harba a yaƙin basasa, amma bai taɓa ba da labarin ba.

Na je unguwar Liman Abaji na tambayi ƙanwarsa asalin mahaifiyarsu, don ita ma bai taɓa zancen danginta ba. Ta daɗe tana jan carbi.

"Ɗan nan, 'yar ƙetaren kogi ce. Garinsu aka sa Yaya ya saita wa igwar. Ba mu sake jin ɗuriyar kowa a danginta ba."

Allah ka gafarta masa, kada ƙarar nan ta bi shi kabari.