Matar da Ke Ɓata Layi a Ɗakin Duba Ido

Kafin a buɗe tagar karɓar kati, ita ta riga ta zagaye bencinan masu jira. Haka take yi kowace safiya, tun tana sabuwar nas har furfura ta cinye mata kai. Takan tura jakarta ƙarƙashin tebur, ta wanke hannu, ta fito barandar da masu ciwon ido ke jira, ta bi su ɗaya bayan ɗaya da tambayarta guda: yaushe abin ya fara? Mai yanar ido da ya shekara yana lalube sai ta ce ya zauna, za a kira shi. Mai neman canjin tabarau shi ma ya zauna. Amma wanda ya ce jiya lafiya ƙalau ya kwanta, yau ya tashi ido ɗaya ya ɗauke, to ko shi ne na ƙarshen zuwa sai ta kama hannunsa ta wuce da shi ta gaban kowa.

Wannan hali ne ya jawo mata sunan Ɓata-layi. Da farko zagi ne. Waɗanda suka yi sammako sukan yi tsaki, wasu su ce danginta take shigarwa. Wani tsoho ya taɓa rantsuwa cewa matar nan tana da dangi fiye da kowa a duniya, tunda kullum sai ta samo sabon ɗan uwa a kan benci. Ba ta taɓa tsayawa yin musu da su ba. Takan dai ce su yi haƙuri, nasu idon zai jira su, na wannan ba zai jira ba.

Ke ce Ɓata-layi, kuma yanzu da kike ajiye aiki ya kamata a faɗi abin da kika yi ta ɓata layin saboda shi. Mutane da yawa suna da labarinki, amma na wani direban motar haya shi ne ya fi tsaya mana a rai.

Matar direban ta haihu, sai mahaifiyarta, wadda kowa a gidan ke kira Iya, ta zo ta zauna da su don ta kama mata aiki. Tun zuwanta direba ya lura ba ta cin abinci. Ta yi loma biyu ta ture kwano. Ya sayo nama, ta tsakura ta bar shi. Shi kuwa a zuciyarsa daɗi yake ji, har yana ba abokansa labari a tasha cewa Allah ya ba shi suruka mai kunya, ko tauna ba ta iya yi in yana gida. Matarsa ita ma kunyar ta ɗauka. Da Iya ta daina yarda a yi mata kitso, aka ce tsufa ne. Da ta fara ɗaure kai tamau tana cewa ciwon kai, aka sayo mata ƙwaya a kanti. Duk gidan babu wanda ya haɗa abubuwan nan wuri ɗaya, kuma Iya ba za ta buɗe baki a gidan suruki ta ce abinci yana ba ta wahala ba.

Wata safiya ta miƙa hannu za ta ɗauki kofi ta gefen hagu, ta kife shi. Da 'yarta ta matsa mata, sai ta faɗa cikin sanyin murya cewa idon hagun ya yi duhu tun da ta farka, babu zafi, babu hawaye, duhu ne kawai. Mai jego ba ta fita, don haka direba ya saka surukarsa a kujerar baya ya nufi asibiti, yana tuƙi yana satar kallonta ta madubi.

Sun tarar da baranda ta cika maƙil, har wasu na zaune a kan matakala. Mai ba da kati ya ce da wuya layi ya zo kansu ranar. Iya ta ce su koma gida, kada a hana shi nemansa saboda ita, ai ɗayan idon yana gani. Direba, gaskiya, ya ji maganar ta yi masa daidai. Ya ce to sai wani mako, su yi sammako. Har sun juya sun kama hanyar ƙofa sai ga wata gajeriyar nas mai furfura ta sha gabansu, ta gaida Iya, ta tambayi yaushe abin ya fara.

Da ta ji amsar, ba ta sake bi ta kan direba ba. Ta zaunar da Iya a kujerarta, ta ɗora yatsu biyu a gefen goshinta a hankali, Iya ta zabura kamar an ɗana mata wuta. Ta tambaye ta ko cin abinci yana yi mata wuya. Iya ta sunkuyar da kai ta ce lafiya lau. Nas ta dubi Iya, ta dubi mutumin da ke tsaye yana juya makullin mota a yatsa, ta tambaye shi ko ɗanta ne. Ya ce mijin 'yarta ne.

"To malam, je ka duba motarka," in ji ta. "Ina jin ba ka rufe gilashi ba."

Ya san ya rufe, amma ya fita. A bayansa ne Iya ta faɗi abin da ta yi makonni tana haɗiyewa: in ta fara tauna sai muƙamuƙinta ya gaji ya riƙe, ko matashin kai ya taɓa fatar kanta sai ta ji har cikin ranta, kuma jiya idon daman ma ya yi duhu na ɗan lokaci sannan ya washe. Ɓata-layi ta kama hannunta ta ratsa da ita ta tsakiyar barandar, tsaki na bin su, ta ƙwanƙwasa ƙofar likita. Likitan ya san ƙwanƙwasarta. Ya sallami wanda ke gabansa da ban haƙuri, ya haska fitila cikin idon Iya, ya sa aka ɗebi jini, kuma tun kafin sakamako ya fito ya ce a ɗaura mata ƙarin ruwa da maganin da ke kwantar da kumburin hanyoyin jini.

Nas ɗin ce ta fito ta yi wa direba bayani a bakin ƙofa. Ta ce a bayan kowane ido akwai jijiyar da ke kai gani zuwa ƙwaƙwalwa, kuma jini ne abincinta. Hanyoyin jinin Iya sun kumbura sun toshe, jijiyar hagu ta rasa jini ta mutu, ba za ta dawo ba. Ta dama ce ake ƙoƙarin riƙewa. Ya tambaya da a ce sun dawo wani mako fa. Ta ce da wataƙila shi zai riƙa ja mata hannu.

Direba ya zauna a kan matakala. Tsoro ya kama shi sosai, ga kunyar tunawa da yadda ya yi ta fahariya da surukar da ba ta cin abinci. Kwanakin da Iya ta yi a kwance, kullum da safe Ɓata-layi takan leƙa ɗakin kafin ta zagaya bencinanta, ta rufe mata idon hagu da tafin hannu ta ce ta faɗi abin da ke jikin bango. Kullum Iya ta faɗa daidai. Ranar da likita ya ce idon dama ya tsira, direba ya fita ya shiga motarsa ya rufe ƙofa ya yi kukansa, sannan ya kira matarsa. Ba a jima ba muƙamuƙin ya saki, Iya ta koma cin abinci har a gabansa, ya gane ashe kunyar tata ba ta kai yadda yake ba da labari a tasha ba.

Ke ba likita ba ce, kuma ba ki taɓa yin kamar ke ce ba. Aikinki shi ne ki gane wanda ba zai iya jira ba, ki kai shi ga wanda zai yi masa magani, ki shanye zagin sauran. Ke ce kika san tsohuwa ba za ta faɗi gaskiya a gaban surukinta ba, kika nemo masa gilashin mota. Mai ido a kan benci, mai kunne ga wanda ya yi shiru, sannunki.

Ranar da abokan aikinta suka taru don yi mata ban kwana, direba ya kawo Iya, don ita ta ce sai ta zo. A bakin ɗakin taron ya yi niyyar nuna mata nas ɗin, ta ce ya bari. Ta shiga ita kaɗai, tana juya kai kaɗan zuwa hagu yadda ta saba yanzu, ta wuce mata masu fararen kaya ɗaya bayan ɗaya har ta tsaya a gaban gajeriyar nan mai furfura.

"Ke ce," in ji Iya. "Duk zamana a nan ban iya ɗaga kai na dube ki da kyau ba, tsoro ya hana ni. Yau na zo in gan ki da idon da kika bar mini."

Iya ta tsaya, ta daɗe tana kallonta.

Mun gode, Ɓata-layi. Allah ya ba ki hutu mai daɗi, ya bar miki naki idanun. Ku kuma matasan da za ku gaji teburinta, kada ku zauna a bayansa kuna jiran kati. Ku fito baranda da safe ku tambayi mutane yaushe abin ya fara, domin a cikinsu akwai wadda ta riga ta juya za ta koma gida.