Baƙon Ƙwaro a Lambun Baba

Shekara tara ke nan da muka kai Baba makwancinsa a Yola ta Karaye. Duk shekara idan watan ya zagayo, Inna takan soya ƙosan sadaka da waken lambunsa, ni kuma in rubuta 'yan kalmomin yabo a wannan shafi. Bana kuwa kunya ce ta riga yabon fitowa.

Baba yana da wata ɗabi'a da muke yi wa dariya a bayan idonsa: ba ya kashe ƙwaro sai ya yi masa shari'a. Kun san 'yan ƙwarin nan masu kumburarren baya kamar ɓarin wake, ja ko ruwan ɗorawa, da ɗigo-ɗigon baƙi. Shi 'yan kwalliya yake kiran su, kuma ya ce ba uwarsu ɗaya ba. Masu sheƙi darɓa suke ci, wato ƙananan ƙwarin da ke tsotse wake da gyaɗa. Masu dusashen launi da gashi-gashi kuwa ganyen kabewa da gauta suke kankarewa har ya koma raga. In ya ga wanda bai sani ba, sai ya sa shi a kwalba da ganye biyu, ɗaya lafiyayye, ɗaya mai darɓa, ya huda murfin, ya bari sai gobe. Abin da ƙwaro ya ci shi ne shaidarsa. Mukan ce Baba ya buɗe kotu, har Inna ta tambaye shi ko an ba da beli.

Bana sai ga baƙo a waken da muka shuka ni da ƙanena Lawal. Baƙi ne mai sheƙi, da ɗigo ruwan ƙwai da wasu ja-ja a gefe, ban taɓa ganin irinsa ba, ga shi kuma da yawa. Na ɗauki hotonsa na tura wa abokai. Kafin la'asar amsoshi sun cika waya. Wannan ya ce daga ƙasar waje ya shigo, wancan ya rantse shi ne ya cinye gonaki a Gwangwan. Babu wanda ya gan shi yana cin komai, har da ni. Washegari Lawal ya hau babur ya sayo magani a kasuwar Rogo, ni na goya tankin feshin da kaina.

Sauri ya haifi nawa. Ba a jima ba darɓa ta rufe waken, ganye ya nannaɗe ya yi danƙo. Muka sake feshi, ta sake dawowa. Ashe masu gadi muka kashe, muka bar wa ɓarawo gida.

Nakan tambayi kaina me Baba zai ce da zamanin nan, da kowa ke da amsa a aljihu, kowane kanti kuma da kwalbar guba. Ina jin ba zai yi faɗa ba. Zai tsuguna ne kawai ya juya ganye, wannan shirun nasa kuwa ya fi bulala zafi.

Da na je gaya wa Inna babu wake, ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Kai Sule, da ka kama shi, me ka ga ya ci?" Na sunkuyar da kai. Ta ce, "To, Allah ya kyauta. Je ka Rogo ka auno mana na sadakar."

Mun gaji lambu, mun gaji injin ban-ruwa, ana kiran mu da sunansa a gari. Haƙurin kwana ɗaya ne bai shiga rabon gado ba, shi ne kuwa ya fi kowanne daraja. Ranar sadaka maƙwabta suka ci ƙosai, suka yi wa Baba addu'a, wani dattijo yana lashe yatsa yana cewa waken lambun marigayi daban ne, albarkarsa ba ta yanke ba. Inna ta dube ni. Na buɗe baki in gyara masa, sai na ji kaina na ce amin.