Jita a Cikin Buhun Albasa

Shekarar da na yi ritaya daga aikin malamin gona, zama ya gagare ni. Na ɗauka hutu zan yi. Sai ga shi kullum da safe in na karya kumallo sai in sa riga, in ɗora hula, in tura babur har ƙofar gida, sannan in tsaya ina tunanin inda za ni. Na yi shekara da shekaru ina yawo a ƙauyukan Boɗinga da Shagari, ina duba irin albasa da na gero, ina gardama da manoma a kan taki. Yanzu babu wanda ke jirana a ko'ina.

Gonarmu kuwa 'ya'yana maza sun riga sun karɓe ta, kuma suna yin aikin daidai. In na je sai in kama gyaran abin da bai lalace ba, su yi shiru don kunya, ni ma in ji kunyar shirun nasu in dawo. Na gwada majalisar dattawan unguwa. Kafin a gama hira guda na gyara zama ba iyaka, ƙafata tana kaɗawa da kanta.

"Malam, mi ka damunka?" in ji mai ɗakina wata rana. "Kullum kamar mai jiran mota."

Na ce mata babu komai, domin ban san sunan abin ba.

Ana cikin haka na ji labarin wani tsohon abokina a Shagari ya samu shanyewar ɓarin jiki. Mutumin Zuru ne, Kirista, ya yi aikin ba da magani a asibitin karkara har ya yi ritaya, ya zauna a garin da ɗan kemis ɗinsa. Kowa Likita yake ce masa, ni ma haka. Shi kuma bai taɓa kirana da wani suna ba sai Malamin Gona. Mun saba ne tun lokacin da nake bi ta wajensa in zan shiga Mandera, in sha ruwa, mu taɓa hira.

Na same shi a kan kujera a ɗakinsa, hannun hagu yana kwance a cinyarsa kamar ba nasa ba, bakinsa ya ɗan karkace. Matarsa ta rasu da daɗewa, 'yar ƙanwarsa ce, wata bazawara mai yawan shiru, ke kula da shi. Muka gaisa, na yi masa sannu. Bai tsaya kan zancen ciwo ba. Ya nuna bango da haɓarsa.

"Sauko mini da ita."

Jitarsa ce, rataye a ƙusa. Na san yana da ita, na sha jin yana kaɗawa da yamma a bayan kemis, amma ban taɓa kula ba. Ni ɗan gidan malamai ne. A wajenmu kiɗa sana'ar wasu ce, ana ji daga nesa a wuce.

Na sauko da ita. Ba ta da nauyi ko kaɗan, abin ya ba ni mamaki.

"Wayoyin sun saki," ya ce. "Tun da na kwanta nake kallonta, ina jin yadda ta saki ko ba a taɓa ta ba. Murɗa wancan kunnen na sama. A hankali. Taɓa wayar in ji."

Na murɗa, na taɓa. Ya ce in ƙara. Na ƙara. Haka muka bi wayoyin nan shida, yana rufe ido yana sauraro, yana cewa ƙara ko sassauta. Da muka gama ya ce in goga babban yatsana a kansu duka daga sama zuwa ƙasa. Na goga. Ba a kunnena na fara jin sautin ba, a cikina na ji shi, inda katakon ya jingina da jikina. Na daɗe ban motsa ba. Ƙafar nan tawa ma ta tsaya.

"Mako mai zuwa za ta sake saki," in ji Likita. "Sai ka dawo."

Na dawo tun kafin makon ya cika.

Koyo da tsufa abu ne mai ƙasƙantar da mutum. Yatsun da suka saba da birkin babur da tonon ƙasa suka ƙi lanƙwasa yadda ake so. Likita yana kiran kowane irin danna wayoyi da yatsun hagu "kamu". Kamu na farko yatsu uku ne kawai, amma in na sa biyu daidai sai na ukun ya zame, in na dawo da shi sai na farko ya kwanta a kan wayar da ba tasa ba, sautin ya fito a dakushe. Kan yatsuna suka yi ja, suka tsage, har alwala tana yi mini zafi. Ya ce in yi haƙuri, fatar za ta yi kanta.

Haƙurin ne ba ni da shi. Ni waƙa nake son kaɗawa, yau, kafin in koma gida. Shi kuma ba ya iya nuna mini, sai dai ya faɗa da baki, bakin kuma ba ya fitar da magana da sauri. Yana ganin kuskure, ya san maganinsa, hannunsa ya ƙi tashi. Sai ya fusata.

"Ba haka ba. Yatsa a bayan ƙarfen da ya gitta wuyan, ba a kansa ba. Kai ba ka ji ne?"

"Ina ji, Likita. Yatsan ne ba ya ji."

"To aje ta. Aje ta ka tafi gida."

Na aje, na fita har bakin titi, na tsaya ina kallon motocin Yabo suna wucewa. Sai na koma. Na tarar ya sa 'yar ƙanwar tasa ta jawo benci kusa da kujerarsa. Ya ce in zauna a hagunsa, mu ɗora jitar a cinyarsa, ni in kama wuyanta da hannuna na hagu, shi ya kaɗa da damansa mai lafiya. Muka zauna kafaɗa da kafaɗa, tsofaffi biyu a kan jita ɗaya. Yana kaɗawa yana ce mini canja, ina canja kamu a makare, yana jira na. A karo na barkatai sai canjin ya zo daidai da bugunsa, wata 'yar waƙa ta fito, irin wadda ya ce suna rerawa a garinsu lokacin girbi. Ya ci gaba da kaɗawa, ina ganin gefen bakinsa mai lafiya yana rawa.

Daga ranar ya ce in riƙa tafiya da ita gida, domin zuwa jefi-jefi ba zai sa kanta ta fito ba. Na rasa yadda zan ratsa tashar Shagari da jita a hannu. A ƙarshe buhun albasa na samo, na zura ta ciki, na ɗaure bakin, na shiga bas na ɗora ta a ƙafafuna. Wani dattijo a gefena ya yi ta kallon buhun.

"Alhaji, wagga albasa taka dogon wuya gare ta."

Na ce masa sabon iri ne. Ya yi dariya, bai ƙara tambaya ba.

A gida na mayar da ɗakin ajiyar hatsi wurin koyo, da hantsi, lokacin da unguwa ta watse zuwa gona da kasuwa. Mai ɗakina ta leƙo ranar farko, ta dubi jitar, ta dube ni, ta ja ƙofar ta koma bakin murhu. Na ɗauka abin zai kwantar mini da hankali. Bai kwantar ba, wurin rashin natsuwar kawai ya canja. Ina cin tuwo yatsuna suna kamu a gefen kwano. Ana yi mini magana ina ƙirga bugu a raina. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ranar da na tsinci yatsun hagu suna dannawa a gwiwata ina zaman tahiya a masallaci. Na yi istigfari, na daɗe zaune bayan an sallame.

Labari kuwa ba ya ɓuya a Boɗinga. Yayana, wanda yake da makarantar allo a Sifawa kuma shi ne babba a gidanmu tun rasuwar mahaifinmu, ya aiko in zo. Na same shi a zaure bayan la'asar. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, sannan ya shiga magana.

"An ce mini kiɗi kaka koyo."

"Haka ne, Yaya."

"Mi kaka nema ciki?"

Da zan ce kuɗi ko suna, da ya san abin da zai ce mini. Amma ba na neman komai, kuma wannan ya fi wuyar faɗa.

Bai ɗaga murya ba. Ya ce ba zai karanta mini abin da malamai suka ce ba, tunda tare muka yi karatu, na san inda suka saɓa da inda suka haɗu. Ya ce abin da ya dame shi 'ya'yana mata ne da ke gidajen mutane, kada a wayi gari ana ce musu ɗiyan makaɗi. Ya ce shekarun da suka rage mana ba su da yawa, mutum ya duba abin da zai cika su da shi. Maganarsa ba ta wauta ba ce, kuma don yana ƙaunata ya faɗe ta. Na ce na ji, na gode.

Na mayar wa Likita jitarsa ta hannun wani direba, ban iya zuwa da kaina ba. Damina ta shigo, ta yi nisa, ban taka Shagari ba. Na ƙara yawan karatu, kuma na ji daɗinsa, amma da na rufe littafi sai tsohon halin ya dawo, har ya fi na da. Na yi faɗa da babban ɗana a kan shukar dawa. Na yi faɗa da maƙwabci a kan magudanar ruwa. Kantar da ta fito a yatsuna ta fara ɓarewa, ina zaune ina ɓantarar ta da farce.

Wata rana ina zagaye tsakar gida, mai ɗakina ta aje tsintsiya.

"Malam, ni ban san halas da haram kamar ku ba. Amma lokacin da kaka shiga ɗakin hatsi, gidan ga ya hi zama lahiya."

Kafin in yanke shawara, 'yar ƙanwar Likita ta kira ni a waya, ta ce 'ya'yansa sun zo za su mayar da shi Zuru, yana son ganina.

Na tarar an ɗaure kaya, mota tana ƙofar gida. Likita ya rame. Bai tambaye ni dalilin ɗaukewar ƙafata ba, ina jin direban ya riga ya faɗa masa. Ya sa aka miƙo mini jitar ya ce in kaɗa waƙar girbin, ni kaɗai. Na kaɗa. Yatsun sun yi laushi, zafi ya dawo, na yi tuntuɓe a kowane canji, 'ya'yansa suna tsaye suna jira cikin ladabi. Na kai ƙarshe dai.

"Ba kyau," ya ce. "Amma waƙar ce."

A raina na sa ran zai bar mini ita. Har na fara tunanin abin da zan ce wa Yaya. Sai ya ce wa babbar 'yarsa ta karɓa ta sa a kujerar baya kusa da shi, kada a ɗora mata kaya. Ya dube ni.

"Ba zan iya zama a ɗakin da ba ta ciki ba, Malamin Gona. Ka nemi taka."

Na ji haushi, na kuma ji kunyar haushin. Muka yi sallama, motar ta hau titi.

Bayan sallar layya na shiga Sakkwato, na yi ta tambaya har aka kwatanta mini wani shago da ke sayar da kayan kiɗan coci da lasifika. Na samo wata jita ƙarama, ba ta kai tasa daɗin murya ba. Kafin in kawo ta gida na biya ta Sifawa na faɗa wa Yaya da bakina, don kada ya ji a wajen wani. Na ce ba zan kaɗa a biki ba, ba zan kaɗa a gaban jama'a ba, ba za ta shiga tsakanina da salla ba, amma zan kaɗa. Ya daɗe yana jan carbi.

"Kai ba yaro ba ne," ya ce. Sai ya tambaye ni yadda gero ya yi a wajenmu. Har yau bai sake tayar da zancen ba, kuma ban san ko ya yafe ko ya haƙura ne kawai.

Yanzu a waya nake kallon masu koyarwa, yawancinsu ba na jin yarensu, yatsunsu nake bi. Akwai wani kamu da ake shimfiɗa manuniya a kan wayoyin duka, tun girbin albasar bara nake fama da shi. Gaɓar yatsan tana kumbura, sai na tsoma ta a ruwan ɗumi kafin ta lanƙwasa. Wata rana ya fito tas, washegari ya ƙi. Likita kuwa maganarsa ta ƙara nauyi, in na kira shi a waya, 'yarsa ce ke fassara mini abin da ya ce. Ta ce yana tambaya yaushe zan zo. Na ce bayan an kwashe amfanin gona. An kwashe, hanyar Zuru kuma ba ta da daɗin bi a kwanakin nan, 'ya'yana sun ce in dakata. Kullum ina tambayar direbobi a tasha yadda take.